Yadda ake gina wa tsohuwa sashe a bayan gida a Sidni: tsari, zane da kuɗin neman izini

Duk wanda ya mallaki gida mai wadataccen fili a baya a Sidni, ko ba jima ko ba daɗe sai wani ya ba shi shawarar ya gina ɗan sashe a wurin. Mutanen Ostireliya suna ce masa granny flat: ƙaramin gida mai cin gashin kansa, da kicinsa da banɗakinsa da ƙofarsa, a fili ɗaya da babban gida. Wani mahaifiyarsa zai sa a ciki, wani ɗansa da ya yi aure bai samu na kama haya ba, wani kuma haya zai bayar don ya rage nauyin bashin banki. A wajenmu da muka tashi muka tarar da sashen Hajiya a cikin gida, ginin ba baƙon abu ba ne. Baƙon abin shi ne takardun da ake bi kafin a sa diga a ƙasa, da kuɗin da suke ci.

Bayanin nan na jihar New South Wales ne, inda Sidni take, kuma duk dalar da na ambata ta Ostireliya ce. Kowace jiha da dokarta. Victoria, alal misali, tun Disamban 2023 ta ɗauke wa sashen da bai wuce murabba'in mita 60 ba neman izinin tsarin gari a yawancin filaye, sai izinin gini kawai. Queensland kuwa sai a Satumban 2022 ta yarda a ba wanda ba dangi ba hayar irin wannan sashe. Kada ka ɗauki dokar Sidni ka kai Melbon, babban birnin Victoria.

Kuɗin da hukuma ke karɓa ba su ne masu karya mutum a wannan aiki ba. Masu karyawar su ne bututun da ke kwance ƙarƙashin ciyawarka, da irin ƙasar filin, da inda ruwan sama yake gangarawa. Duk ukun ana gano su da kuɗi kaɗan, in an bincika kafin a zana komai. Don haka bincike tukuna, zane daga baya, kuma haka na jera matakan.

Mataki na 1: Karanta takardun filinka

Ka nemi satifiket ɗin bayanin fili da ake kira 10.7, wato lambar sashen dokar da ya tanade shi, daga ƙaramar hukumarka. Tsoffin hannu har yanzu 149 suke ce masa, lambarsa ce kafin a sake jera sassan dokar tsarin gari ta 1979 a shekarar 2018. Shi ne zai gaya maka rukunin da aka sa filin, da ko yana yankin ambaliya, ko yankin gobarar daji, ko unguwar da aka killace don tarihi, da ko an yarda a bi gajeriyar hanyar neman izini a kansa. Iri biyu ne. Gajeren bai kai dala 100 ba, cikakken bai kai 200 ba. Karɓi cikakken, don a cikinsa ne hukuma ke faɗin ƙarin abin da ta sani game da filin.

Sai shaidar mallaka da taswirar filin da aka yi wa rajista, tare da takardar da ake kira 88B idan filin yana da ita. A nan ake rubuta haƙƙin wasu a kan filinka: wata siririyar hanya ta gefen katanga da bututun maƙwabci ke bi, ko sharaɗin da wanda ya yanka filayen unguwar ya gindaya. Ba a gini a kan irin wannan hanya. Takardun nan kowacce 'yan daloli ce.

Na uku, taswirar bututun masai daga Sydney Water, hukumar ruwa ta Sidni, ta shafinsu mai suna Tap in. Ka haɗa da tambayar Before You Dig Australia, wadda kyauta ce, za a turo maka inda wayoyin wuta da na tarho da bututun gas suka bi.

Mataki na 2: Ɗauki tef ka gwada filin da ƙa'ida

Hanyoyin neman izini biyu ne. Akwai gajeriya, CDC, wadda in zanenka ya cika kowace ƙa'ida ta jiha ba tare da ya kauce ko da taku ɗaya ba, dole a amince. Akwai doguwa, DA, wadda ƙaramar hukuma ke zama ta duba ta yanke hukunci. Ƙa'idojin suna cikin dokar gidaje ta jiha ta 2021, wadda ta maye gurbin ta 2009 da ta fara buɗe wannan ƙofa. Manyan su ga gajeriyar hanya:

- Filin ya kai murabba'in mita 450, kuma yana rukunin gidajen zama, irin su R2 da yawancin unguwanni ke ciki.
- Faɗinsa ya kai mita 12, in filin yana tsakanin murabba'in mita 450 da 900.
- Sashen kada ya wuce murabba'in mita 60.
- A irin wannan fili, ginin ƙasa zai bar mita 3 tsakaninsa da katangar baya, da santimita 90 ta gefe. In ginin ya ƙara tsayi, tazarar ma ta ƙaru.
- A bar wa sashen ɗan tsakar gida na murabba'in mita 24.
- Babban gida ɗaya, sashe ɗaya. Ba a raba filin a sayar da sashen daban.

Ba a tilasta ƙarin wajen ajiye mota, wannan sauƙi ne. Amma akwai iyaka ga jimillar girman gidajen biyu: a filin murabba'in mita 450 zuwa 600, su biyun kada su wuce 330. Wanda ya riga ya faɗaɗa babban gidansa ya lissafa wannan da kyau. Babbar bishiya ma tana iya ɓata lissafi, don ba a sare ta sai da izini, ba a kuma matsa mata da gini.

Idan filin yana bakin daji, kamar wajejen Blue Mountains, sai an kira masani ya auna matakin haɗarin gobara. Matakai biyu na sama, BAL-40 da BAL-FZ, sun rufe gajeriyar hanya. Haka wasu filayen kwarin Hawkesbury da Nepean, inda ambaliya ta yi ɓarna a 2021 da 2022, sai an kawo rahoton injiniyan ruwa.

Mataki na 3: Safiyo, ƙasa, bututu, ruwan sama

A nan nake so ka daɗe, don a nan kuɗin gaske suke ɓoye.

Safiyo zai zo ya auna iyakoki, da tudu da gangaren filin, da inda gine-gine da bishiyoyi suke. Yawanci dala dubu ɗaya da wani abu ne zuwa dubu biyu da ɗoriya. Kada ka dogara da katanga ka ce ita ce iyaka. A tsoffin unguwanni katanga kan kauce, kuma in ƙa'ida ta ce santimita 90, to 85 ba za ta wuce ba.

Gwajin ƙasa ɗaruruwan daloli ne. Za su zo da ƙaramar mota mai na'urar haƙa, su huda rami biyu ko uku, su kwashi ƙasar su tafi da ita. Sakamakon harafi ne: A ko S ƙasa ce mai zama lafiya, M matsakaiciya, H1 da H2 da E laka ce mai kumbura in ta sha ruwa ta kuma tsuke da rani, P kuma fili ne mai matsala, kamar wanda aka yi wa ciko. Yammacin Sidni, su Blacktown da Penrith da Liverpool, laka ta yi yawa. Kowane harafi da irin fandishon da injiniya zai tsara masa, kuma bambancin ƙarfe da kankare tsakanin M da H2 dubbai ne, ba ɗaruruwa ba.

Sai bututun masai. Duba taswirar da ka karɓa. A gidaje da yawa babban bututun Sydney Water yana ratsa bayan fili ne, daidai inda kowa ke son ajiye sashen. In haka naka yake, sai an kira ma'aikaci mai izini ya gano ainihin inda bututun yake da zurfinsa, ya kafa turaku ya rubuta rahoto. Daga nan zaɓi biyu ne: ko a matsar da ginin, ko a tono bututun a lulluɓe shi da kankare, a kuma kafa ginshiƙai masu zurfi don kada nauyin ginin ya hau kansa. Na biyun ana biyan sa ne mita-mita. Murfin ramin duba bututu kuwa ba a gini a kansa ko kaɗan. Sau da yawa matsar da gini mita ɗaya a kan takarda ya fi duk wani ragi da ɗan kwangila zai yi maka.

Ruwan sama shi ne wanda aka fi mantawa. Tsaya a bayan gidan ka duba: filin titi yake gangarawa, ko baya? In titi ne, ka huta, bututu zai kai ruwan rufin kwata. In baya ne, ruwa ba ya hawa tudu, kuma ba a yarda ka sake shi gidan maƙwabci. Injiniya zai duba ko za a iya tura shi titi da nauyin ruwan da ke saukowa daga rufi, ko a haƙa ramin tsotsewa idan hukuma ta yarda. In duk ba su yiwu ba, sai neman hanya ta cikin filin maƙwabcin da ke ƙasa da kai, da diyya da kuɗin lauya da rajista. Wannan kaɗai yana iya cin watanni, kuma maƙwabci yana iya cewa a'a.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: auna lungun da ke gefen gidanka. In ƙaramar motar haƙa ba za ta shige ba, to da baro da hannu za a yi aikin, ko a hayo kuren, wato na'urar ɗaga kaya. In kuma akwai tsohon gareji na allon fibro da za a rushe, mai yiwuwa asbestos ne a jikinsa, sinadarin da ƙasar ta haramta gaba ɗaya a ƙarshen 2003. Abin da ya wuce murabba'in mita 10, sai mai lasisi ne zai cire.

Mataki na 4: Zane

Yanzu ne lokacin zane ya yi. Hanya uku ce. Kamfanonin da wannan ne aikinsu suna da zanuka shiryayyu, ka zaɓa su ɗan gyara, kuma sukan haɗa zane da neman izini a farashi ɗaya. Mai zanen gini mai zaman kansa zai zana maka naka, yawanci da 'yan dubbai. Akitek mai rajista ya fi su tsada nesa ba kusa ba, kuma a ganina bai zama dole ba sai fili mai wuyar sha'ani, mai gangare ko mai siffar da ba ta miƙe ba.

In kamfani ka bi, yi musu tambaya ɗaya kafin ka biya: idan na fasa gini da ku, zanen da izinin nawa ne? Wasu suna riƙe haƙƙin mallakar zanen, sai ka ga ka biya kuɗin izini amma ba ka da damar kai takardun wa wani magini ya ba ka farashi. A rubuta amsar.

Murabba'in mita 60 na ɗaukar ɗakuna biyu ƙanana da falo haɗe da kicin da banɗaki. In haya za ka bayar, ɗaki biyu ya fi. In don tsohuwa ne, ni ɗaki ɗaya mai faɗi nake zaɓa, da ɗan ƙaramin na mai kwana da ita. Ka ce wa mai zane ba ka son matakala ko dokin ƙofa daga waje har banɗaki, ƙofofi su yi faɗin da keken marasa lafiya zai wuce, wajen wanka ya zama daɓe ɗaya babu tudu, a kuma sa katako mai ƙarfi cikin bangon banɗaki inda za a ɗaura ƙarfen dafawa nan gaba. Waɗannan a kan takarda kusan kyauta ne, bayan an gama gini kuwa sai an fasa tayil. Faɗa masa batun alwala, a sa famfo ƙasa-ƙasa da wurin zama, ka kuma nuna masa alƙibla. Daga Sidni yamma take da ɗan karkata arewa, don kada a juya masai yadda zuciyar tsohuwa ba za ta kwanta ba. A can rana ta arewa take bi da sanyi, saboda haka manyan tagogin falo su kalli arewa, bangon yamma kuma a rage masa gilashi.

Mataki na 5: BASIX da injiniya

Tun 2004 kowane sabon gida a Sidni sai da satifiket ɗin BASIX, mai nuna cewa ginin zai yi tattalin ruwa da wuta, zai kuma riƙe sanyi da ɗumi. An tsaurara ma'aunin daga 1 ga Oktoban 2023. Kuɗin fitar da takardar kaɗan ne, masanin da zai cike ta ɗaruruwa yake karɓa. Tsadar tana cikin alƙawuran da aka rubuta: tankin ruwan sama, kaurin abin tare zafi a rufi da bango, irin gilashin taga, irin na'urar dafa ruwa. Karanta su, don duk abin da aka rubuta sai an gan shi a ginin ranar dubawar ƙarshe.

Injiniyan gini zai tsara fandisho da ƙarafa bisa gwajin ƙasa, wani kuma ya tsara magudanar ruwan sama. Su biyun kan kama daga dubu ɗaya zuwa uku. Daga nan a kai zanen Sydney Water ta buga hatimi.

Mataki na 6: Shigar da takardu

Tun Yulin 2021 duk ta intanet ake shigarwa, a NSW Planning Portal.

A gajeriyar hanya, mai tantance gini mai rajista ne zai duba, na ƙaramar hukuma ko mai zaman kansa. Kuɗinsa 'yan dubbai ne, ka tabbata sun haɗa da zuwa duba aiki da takardar ƙarshe. A cikin birni zai aika wa maƙwabta da ke cikin mita 20 sanarwa kwana 14 kafin ya amince. Sanarwa ce kawai, ba su da ikon hanawa. Wa'adin doka kwana 20 ne idan takardu sun cika. Kwana 7 kafin a fara aiki kai ma za ka sake sanar da su. Shawarata, ka riga wasiƙar zuwa. Ƙwanƙwasa ƙofa ka nuna zanen, ka ji ko wata taga ta leƙa musu tsakar gida.

A doguwar hanya, kuɗin shigar da takarda doka ce ta tsara shi bisa ƙimar ginin, kuma ga sashen dala dubu 150 bai kai dubu ɗaya ba. Abin da ke ƙaruwa shi ne rahotanni: bayanin tasirin ginin ga muhalli, tsarin kwashe shara, wataƙila rahoton masanin bishiya ko na ambaliya. Maƙwabta suna iya rubuta ƙorafi. A doka, in kwana 40 suka wuce ba amsa kana iya ɗaukar an ƙi ka tafi kotun filaye da muhalli, amma a zahiri jira ake yi, wani lokaci watanni. Bayan an amince kuma sai ka sake neman satifiket ɗin fara gini, da nasa kuɗin. Duk da haka kada ka matse zane ya lalace don kawai gudun DA. In rabin mita ne zai ba tsohuwa falo mai rana, jiran ya cancanta.

Mataki na 7: Kason ƙaramar hukuma

Wannan ne kamfanoni suka fi barin sa a wajen farashin talla. Doka ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar kaso daga sabon gini don hanyoyi da wuraren shaƙatawa, ta ɗayan sassa biyu. A sashe na 7.12 lissafin a fili yake: aikin da bai wuce dala 100,000 ba babu komai, daga nan zuwa 200,000 rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sama da haka kashi ɗaya. Wato ginin 180,000 zai biya 900, na 210,000 kuma 2,100. A sashe na 7.11 kuwa kowace hukuma da jadawalinta. Wata ta yafe wa irin wannan sashe, wata tana karɓar dubbai masu yawa. Buga waya ofishin tsare-tsarensu, ba da adireshinka da yawan ɗakuna, ka nemi adadin a rubuce. Yi wannan tun a makon farko.

Akwai harajin asusun hutun ma'aikatan gini. Daga 1 ga Janairun 2023 sai aikin da ya kai dala 250,000 ne ke biya, kashi 0.25 cikin ɗari, don haka yawancin sassa sun tsira. Wasu hukumomi suna karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarnar da manyan motoci kan yi wa gefen titi. Ɗauki hoton wurin kafin a fara aiki, da shi za ka karɓo kuɗinka.

In ka tara komai daga mataki na 1 zuwa nan a fili marar matsala, ban da kason 7.11, ka sa rai da wani abu a kewayen dala dubu goma, ko ƙasa kaɗan ko sama. Kuma ba a aza bulo ko ɗaya ba tukuna.

Mataki na 8: Kwangila

Duba lasisin magini a shafin gwamnatin jiha, kyauta ne. Dokar ginin gidaje ta 1989 ta hana shi karɓar kafin alƙalami fiye da kashi 10 cikin ɗari. Aikin da ya haura dala 20,000, sai ya miƙa maka takardar inshorar HBCF kafin ya karɓi ko sisi, ita ce madogararka in ya karye ko ya mutu ko ya ɓace. Kana da ranakun aiki 5 na sake shawara bayan sa hannu. Garantin doka shekara 6 ne a kan manyan lahani, shekara 2 a kan sauran.

Karanta jerin abin da ba ya cikin farashi fiye da yadda ka karanta na ciki. Nemo haɗa wuta da ruwa da masai, mita nawa aka lissafa, kwashe ƙasar da aka haƙo, fasa dutse in an ci karo da shi, katangar raba tsakar gida, hanyar shiga, mitar wuta ta daban. Tunda rahotannin mataki na 3 suna hannunka, ka ce a ba ka tsayayyen farashi a kan aikin ƙasa, ba ƙiyasi ba.

Mai tantance ginin kai doka ta ce ka naɗa, ba magini ba. Magini zai kawo sunan wanda ya saba da shi, kana da damar ƙi.

Mataki na 9: Dubawa, shiga, da takardar iyali

Mai tantancewa zai zo a matakan da doka ta ƙayyade: kafin a zuba kankare, kafin a rufe katakon gini, kafin a rufe shafen hana yoyo na banɗaki, kafin a binne bututun ruwan sama, sai dubawar ƙarshe. In aka tsallake ɗaya, takardar izinin shiga na iya maƙalewa, kuma ba ita ba a kwana a ciki, ba a ba da haya. Kada ka biya kason ƙarshe sai ta fito. Daga nan ka nemi lambar gida daga ƙaramar hukuma, yawanci lambarka ce da harafin A, ka sanar da kamfanin inshorarka. In ka nemi ƙarin kwandunan shara, kuɗin shekara zai ƙaru.

Idan kuɗin tsohuwa ne suka shiga ginin, ko ta sayar da nata gidan ta ba ka, a rubuta yarjejeniya wajen lauya ko da kunya ta so hanawa. Sashen ba shi da takardar mallaka tasa, a idon doka naka ne tunda filin naka ne. A rubuta cewa tana da haƙƙin zama muddin ranta, da abin da zai faru in aka sayar da gidan, ko aure ya mutu, ko ka riga ta rasuwa, da yadda za a lissafa kuɗinta a rabon gado tsakaninka da 'yan'uwanka. Tun 1 ga Yulin 2021, rubutacciyar yarjejeniya irin wannan da wanda ya kai shekarun fansho ko mai naƙasa ba ta jawo harajin ribar kadara, muddin ba ta kasuwanci ba ce. In tana karɓar fansho daga Centrelink, hukumar gwamnati mai biyan fansho da tallafi, a sanar da su kafin kuɗin su motsa, don suna da nasu lissafin a kan abin da tsoho ya bayar a madadin wurin zama. In kuma haya ka bayar, kuɗin hayar na shiga harajinka na shekara, kuma ranar da ka sayar da gidan wani ɓangare na ribar zai biya haraji. Zauna da akanta kafin ɗan haya na farko ya karɓi makulli.